Ƙafar mota a hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi: Yadda ake gane lalacewar bushin da lowa-am, da yadda ake canza su a gida

Hanyar da ta taso daga Gusau ta ratsa Ƙauran Namoda, ta bi ta Moriki da Badarawa ta faɗa Shinkafi, ita ce jijiyar kasuwancin arewacin Jihar Zamfara. Ta nan ake fito da hatsi da dabbobi daga kasuwar Shinkafi da ke ci ranar Alhamis, ta nan kuma malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi suke kai da komo tsakanin wurin aiki da gidajensu. Wani reshen ya bar Ƙaura ya nufi Zurmi, har ya dangana da Jibiya a Jihar Katsina. A shekarar 1929 layin dogo daga Zariya ya iso Ƙauran Namoda, kuma ya daɗe yana kwashe gyaɗa da audugar yankin. A yau nauyin wannan jigila ya koma kan mota.

Mota kuwa a irin waɗannan hanyoyi, ƙafa ce kan fara gaza mata. A wani wurin, lalacewar ƙafa ɓata lokaci ne da kashe kuɗi. A yankin da ya sha fama da 'yan bindiga, motar da ta durƙushe tsakanin gari da gari da la'asar sakaliya ta jefa rayukan mutanen cikinta a hatsari. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya, kayan gyara sun yi tsada, masu motoci da yawa suna jan ƙafa wajen gyara, wasu kuma sun fara yin aikin da hannunsu. Wannan bayani ya tattara abin da mai mota ya kamata ya sani a kan sassa biyu da suka fi saurin mutuwa a ƙafar gaba, wato bushin da lowa-am.

Mene ne ƙafar mota?

Abin da kanikawa ke kira ƙafa shi ne dukkan sassan da suka haɗa taya da jikin mota: sifirin da ke ɗaukar nauyi, da shakazoba da ke hana mota yin ta lilo bayan ta faɗa rami, da hannuwan ƙarfe da ke riƙe taya a inda ya kamata ta tsaya. Hannun ƙasa shi ake kira lowa-am. Siffarsa kamar baushe ce ko ƙashin ƙirjin kaza, kuma yawanci wuri uku yake kamawa. Kai biyu na ciki suna ɗaure da gadon ƙarfen da inji yake zaune a kai, kowanne da bushin a cikinsa. Kan da ke waje yana haɗe da mazaunin taya ta hanyar boljoyin, wanda gaɓa ce mai dunƙulen ƙarfe a cikin kwarmi, tamkar gaɓar kwatangwalon ɗan Adam, don taya ta iya juyawa dama da hagu yayin da take hawa da sauka.

Tsarin ƙafar gaba iri biyu ne aka fi gani a ƙananan motocinmu. Na farko shi ne wanda ake jingina wa injiniyan Amurka Earle MacPherson, wanda ya bazu bayan kamfanin Ford ya sa shi a motarsa Consul a Ingila a shekarar 1950. A wannan tsari sifirin da shakazoba a haɗe suke wuri ɗaya, hannu kuma ɗaya ne tak a ƙasa. Shi ne a gaban Toyota Corolla da Camry da Volkswagen Golf da Peugeot 406. Na biyu shi ne mai hannu biyu, na sama da na ƙasa, irin na Hilux da na Honda Accord da aka ƙera har zuwa 2012. Sanin irin tsarin da motarka take da shi shi ne matakin farko, domin shi ke nuna ko aikin zai yiwu a gida.

Yadda bushin yake aiki

Bushin abu uku ne a haɗe: bututun ƙarfe a tsakiya wanda ƙusa ke ratsawa, da gwangwanin ƙarfe a waje wanda ake cusawa a ramin hannu, da roba da aka narka ta kama su biyun. Robar tana iya wannan aiki ne saboda dabarar gasa ta da ƙibiritu, wadda Charles Goodyear ya yi wa rajista a Amurka a 1844. Kafin nan roba kan narke a zafi, ta daskare a sanyi.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, bututun tsakiyar ba ya juyawa a kan ƙusa. Da zarar an ɗaure ƙusa ya tsaya ƙyam. Idan taya ta hau ko ta sauka, robar ce take murɗewa sannan ta koma yadda take. Da haka take shanye jijjiga da ƙara, kuma take barin hannun ya yi ɗan motsin da aka ƙayyade masa ba tare da ya wuce iyaka ba. A wasu motocin babban bushin na baya yana da ruwa a cikinsa don ƙarin laushi. Idan ya fashe za a ga baƙin ruwa ya zubo a jikinsa, kuma daga nan aikinsa ya ƙare.

Abin da ke kashe su a wannan yanki

Zafi ne na farko. Daga watan Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a arewacin Zamfara kan haura digiri 40, ga kuma zafin inji da na kwalta. Roba tana bushewa, ta yi tauri, ta fara tsattsagewa.

Na biyu shi ne mai. Baƙin mai ko man sitiyari da ke ɗiga a kan bushin yana kumbura robar ya mayar da ita kamar danƙo. Wanda ya canza bushin bai toshe yoyon ba, ya san zai sake sayen wani nan kusa.

Na uku lodi. Golf ko Corolla da aka ƙera don mutum biyar, idan aka cika ta da fasinja aka ɗora buhunan gero har but ya ƙi rufuwa, ƙafarta tana zama a durƙushe, robar kuma tana murɗe fiye da ƙima tun kafin a faɗa ramin farko.

Na huɗu ita ce hanyar kanta. Gargadar burji tana girgiza ƙafa sau dubbai a tafiya ɗaya, bakin kwalta da ya zaizaye yana dukan taya daga gefe. Da damina kuma, musamman a ƙauyukan da ke kusa da gulbin Gagare da na Bunsuru, ruwa da yashi suna shiga boljoyin ɗin da robarsa ta yage, su wanke giris, su goge ƙarfen kamar magagari.

Alamomin lalacewa

Ƙafa ba ta mutuwa ba tare da ta yi gargaɗi ba. Alamomin da aka fi gani su ne:

- Ƙarar ƙwanƙwasa daga ƙasa idan an faɗa rami, ko an hau tudun rage gudu, ko an taka birki a hankali.
- Mota tana yawo a kan titi, direba yana ta gyara sitiyari ko da hanya miƙaƙƙiya ce.
- Mota tana karkata gefe ɗaya idan an taka birki, ta dawo idan an saki.
- Sitiyari ya karkace alhali mota tana tafiya sak.
- Taya tana cinyewa ta gefe ɗaya, musamman ta ciki inda ido ba ya kaiwa.
- Ƙarar kiki kamar ta tsohuwar ƙofa idan ana juya sitiyari. Wannan ta fi nuna boljoyin ya bushe, kuma ita ce alamar da ta fi kowace hatsari.

Mataccen bushin yana cin taya, yana ƙara tsawon tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya. Boljoyin kuwa idan ya ƙwace, taya tana ninkewa cikin bodi nan take, sau da yawa ta fizgo shaf daga giya. Duk wanda ya saba bin manyan hanyoyi ya taɓa ganin mota a durƙushe da tayar gaba a kwance. Wannan shi ne sanadin.

Binciken da za a iya yi a gida

A ɗaga gaban mota a tokare ta kamar yadda za a bayyana a ƙasa. A kama taya da hannu biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a girgiza. Idan akwai wasa, boljoyin ne ko boris. A sake kama ta a dama da hagu a girgiza. Wasa a nan ya fi nuna tairod, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya. Idan aka juya taya aka ji gurnani, boris ne.

Daga nan a haska tocila a kan kowane bushin. Ƙananan tsage-tsage a saman roba tsufa ne kawai, ba su wajabta canji ba. Abin da ke wajabta shi shi ne tsaga mai zurfi, ko roba ta rabu da ƙarfenta, ko bututun tsakiya ya bar tsakiya, ko a ga ƙarfe ya goge yana ƙyalli, alamar ƙarfe yana cin ƙarfe. A sa liba tsakanin hannu da gadon inji a danna. Lafiyayyen bushin zai ɗan motsa da ƙyar ya dawo, matacce kuwa zai tafi ba turjiya.

Kafin a yanke hukunci a duba 'yan sandunan sitabilaiza. Sau da yawa su ne masu ƙarar, kuma sun fi lowa-am araha nesa ba kusa ba. A motoci masu hannu biyu, inda boljoyin na ƙasa yake ɗauke da nauyi, sai an tura jak a ƙarƙashin hannun an ɗan ɗaga shi sannan wasan yake bayyana.

Bushin kaɗai ko hannun gaba ɗaya?

Idan hannun miƙaƙƙe ne, ba tsatsa mai zurfi, ramin bushin bai buɗe ba, boljoyin kuma lafiya lau, canza bushin kaɗai ya wadatar. Asalin hannun da mota ta zo da shi ya kan fi sabon na araha ƙarko, don haka ba hikima ba ce a yar da shi saboda roba.

Ana canza hannun gaba ɗaya idan ya lanƙwashe, ko ya tsage, ko boljoyin ɗin da ba ya cirewa daga jikinsa ya mutu, ko kuma babu injin matsi a kusa. Ga mai aiki a gida wannan ya fi sauƙi, domin kwance ƙusoshi ne da mayar da su. Lanƙwasasshen hannu ba a miƙe shi da wuta, tsagagge ba a yi masa walda. Wuta tana sauya ƙarfin ƙarfe, na alminiyam kuma karyewa yake yi ba gargaɗi. Haka nan dukan kwarmin boljoyin da guduma don a matse wasan, ko cusa masa leda, ɓoye cuta ne. Ƙarar za ta ɗauke na ɗan lokaci, dunƙulen kuma yana nan yana neman hanyar fita.

Abin da ya fi shi ne a canza dama da hagu tare. Shekarunsu ɗaya, hanyar da suka bi ɗaya, kuma sabo a gefe guda da tsoho a ɗaya gefen yana sa mota ta riƙa ja.

Sayen kaya

Yawancin kayan gyaran da ake samu a Ƙaura da Gusau daga manyan kasuwanni suke zuwa, irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas da kuma Nnewi a Jihar Anambra. Kashi uku ne: sabo na kamfanin motar ko na sanannun masu ƙera kayan gyara, da sabo na araha, da na hannu da ake kira Beljiyam.

Na Beljiyam ƙarfensa kan yi kyau, amma robarsa ta riga ta yi shekaru, don haka a bincike ta kamar yadda aka binciki ta jikin mota. A motsa sandar boljoyin da hannu. Ya kamata ta motsa da tauri ba tare da ta yi sako-sako ba, robar da ta rufe ta kuma babu huda. Sabon na araha kuwa a duba kaurin ƙarfensa da tsabtar waldarsa, a gwada nauyinsa da na tsohon. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Akwai kuma bushin da ake yankawa daga tsohuwar tayar babbar mota. Yana iya fitar da mutum daga daji ya kai shi gari. Sai dai ba a narka shi da ƙarfe ba, don haka gogawa yake yi maimakon murɗewa, yana mayar da dukan hanya kan boljoyin da gadon inji, kuma ba ya riƙe saitin taya.

A tafi kasuwa da tsohon hannun, ko da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Mota ɗaya tana iya bambanta tsakanin wadda aka yi wa kasuwar Amurka da ta Turai. A duba alamar dama da hagu a jikin kayan, a kuma yi magana da mai shago a kan mayarwa tun kafin a biya.

Motocin da ba a taɓa ƙafarsu a gida

A tsarin MacPherson sifirin yana tsare a jikin shakazoba, don haka ana cire hannun ƙasa ba tare da an taɓa shi ba, muddin ba a kwance babban notin da ke tsakiyar kan shakazoba ba. Amma akwai motocin da sifirin yake zaune kai tsaye a kan hannun ƙasa, kamar Marsandi 190 da wadda aka sani da Biboot. Akwai kuma masu sandar murɗi a madadin sifirin, kamar Hiace. A irin waɗannan, nauyin gaban mota gaba ɗaya yana danne a cikin sifirin. Idan aka saki boljoyin ba tare da na'urar matse shi ba, zai ƙwace da ƙarfin da zai iya karya ƙashi ko ya yi kisa. Irin wannan aiki na gareji ne.

A wasu Corolla da Camry kuma, ƙusar gaba ta hannun ba ta fita sai an kwance mazaunin inji an ɗan ɗaga shi. A leƙa a tabbatar ƙusa tana da hanyar fita kafin a fara.

Kayan aiki da tsaro

Ana buƙatar jak mai ƙarfi, da matokaran ƙarfe biyu, da waigi, da bokis sifana da dogon hannunta, da sifanu masu zobe, da liba, da guduma, da filaya, da burushin waya, da man fesawa mai kwance tsatsa, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Motocin Japan sun fi amfani da lamba 14 da 17 da 19 da 22, na Jamus kuma 13 da 16 da 18.

Ƙa'idar da ba ta da sassauci ita ce, ba a sa hannu ko kai a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ƙaramar mota ma ta haura tan ɗaya. Bulon siminti ba matokari ba ne, domin fashewa yake yi lokaci guda. Wanda ba shi da matokarin ƙarfe ya nemi gungumen itace mai faɗi marar tsaga, ya kwantar da shi. Yawancin tsakar gidajen wannan yanki rairayi ne, jak kuma nutsewa yake yi a cikinsa, don haka a nemi daɓen siminti ko a shimfiɗa katako mai kauri. A ja hambirki, a sa giya, a sa waigi gaba da bayan tayoyin baya. Tayar da aka cire a kwantar da ita a ƙarƙashin bodi ta zama kariya ta biyu. A kawar da yara daga wurin, kuma a sami wani babba a kusa. A fara da safe a ranar da shaguna suke buɗe, domin ƙusa tana iya karyewa.

Matakan canza hannun

1. Tun daren jiya a goge ƙusoshin da burushi a fesa musu mai.
2. A sassauta notocin taya tun mota tana ƙasa. A ɗaga gaba duka biyu a tokare, domin idan gefe ɗaya aka ɗaga sandar sitabilaiza za ta riƙa danne hannun. A girgiza motar a tabbatar ta zauna, sannan a cire taya.
3. A ɗauki hoton komai da waya. Idan ƙusoshin ciki suna da wasa mai karkataccen rami na saiti, irin na Hilux, a yi musu alama da fenti.
4. Idan ɗan sandan sitabilaiza a jikin hannun yake, a kwance shi.
5. A raba boljoyin da mazaunin taya. Wani ƙusoshi ne ke riƙe shi da hannun, wani ƙusa ɗaya ce ke matse shi, wani kuma noti ne mai ɗan fin. A na ƙarshen, a cire fin, a sassauta noti a bar shi a bakin zare, sannan a yi amfani da abin fizgar boljoyin ko a bugi gefen ƙarfen da sandar ta shiga. Ba a dukan kan zaren.
6. A danna hannun ƙasa da liba har ya fita. Kada a ja mazaunin taya waje, domin shaf yana iya zarewa daga giya man giya ya zube. A kula da tiyon birki da wayar na'urar birki kada su ɗauki nauyi.
7. A kwance ƙusoshin ciki, a lura da ta inda kowace ta shiga, a zare hannun.
8. A jera tsoho da sabo a ƙasa a gwada tsawo da ramuka da girman sandar boljoyin. Idan sun bambanta ko kaɗan a dakata.
9. A goge mazauninsa, a saka sabon, a zura ƙusoshin ciki da hannu ba tare da an ɗaure su tamau ba. Ƙusar da ta ƙi shiga a daidaita ramin da liba. Tilasta mata da guduma yana ɓata zare.
10. A mayar da boljoyin a ɗaure shi sosai, a sa sabon fin. Idan ramin fin bai daidaita ba a ƙara ɗaure notin kaɗan, ba a sassauta shi. Lanƙwasasshiyar ƙusar kafinta ba ta maye gurbin fin.

Wasu motocin, musamman na Volkswagen, suna da ƙusoshin da ke miƙewa idan an ɗaure su, kuma sau ɗaya ake amfani da su. Notin da ke da roba a bakinsa shi ma sabo ake sawa.

Idan bushin kaɗai za a canza

Hanya mafi sauƙi ita ce mai mota ya cire hannun a gida ya kai wa mai injin matsi. Kafin a fitar da tsohon a yi alamar yadda yake fuskanta, domin bushin da yawa suna da gurabe ko kibiya a jikinsu, kuma idan aka juya su ba sa daɗewa. Ana danna gwangwanin waje ne, ba bututun tsakiya ba. Wanda babu gwangwani a jikinsa ana shafa masa ruwan sabulu. Giris da baƙin mai suna cin roba. Ƙona tsohon bushin da wuta, wanda ya zama ruwan dare, yana raunana hannun. Ya fi kyau a huda robar, a yanka gwangwanin da zarto a hankali ba tare da an taɓa hannun ba, sannan a fitar da shi da kurfi.

Ɗaurin ƙarshe

Nan ne ake yin kuskuren da ya fi kashe sabon bushin. Tun da robar murɗewa take yi, dole a ɗaure ƙusar da ta ratsa ta a kwance lokacin da ƙafa take a matsayin da take zama idan mota tana tsaye a kan tayoyinta. Idan aka ɗaure ta hannun yana reto, da an sauke mota robar za ta murɗe ta zauna haka dare da rana, kowane rami kuma ya ƙara mata. Bushin da ya kamata ya yi shekaru sai ya yage cikin watanni, a ɗora laifin a kan mai shago.

Mafita biyu ce. Ko dai a mayar da taya a sauke mota, a tura ta gaba da baya kaɗan, a ɗaure ƙusoshin a kan ramin gareji, ko kuma a tura jak a ƙarƙashin hannun kusa da boljoyin a ɗaga shi har nauyin mota ya fara komawa kansa, matokari yana nan a wurinsa, sannan a ɗaure.

Kowace ƙusa tana da ƙarfin ɗaurin da kamfani ya ƙayyade, ana samunsa a littafin gyaran motar. Notin tayar Corolla, alal misali, niyutan-mita 103 ne, na Accord 108. Ana ɗaure notocin taya a tsallake, ɗaya sannan na daura da shi. Hawa kan sifana da ƙafa yana miƙe ƙusa har ta karye daga baya.

Bayan an gama

A taka birki sau biyu ko uku kafin a motsa. A fara gwaji a hankali cikin unguwa, ana sauraron ƙara, ana juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu. Daga nan sai wurin alaimen, wato saitin tayoyi. Sabon hannu yana sauya tsayuwar taya ko da milimita kaɗan ne, kuma wannan ya isa ya cinye sabuwar taya kafin lokacinta. Alaimen da aka yi a kan mataccen bushin asarar kuɗi ce, don haka gyara ne farko, saiti daga baya. Wanda ke Badarawa ko Zurmi ya tsara aikinsa yadda tafiyarsa ta farko za ta kasance zuwa wurin saiti, da rana, ba lodi, ba gudu.

Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notocin taya da ƙusoshin hannun. A duba tayoyin ma. Akwai 'yan tudu a cikin zanensu da ke nuna milimita 1.6, kuma idan zane ya yi daidai da su a kowane gefe, tayar ta gama aiki.

Sabuwar ƙafa tana daɗewa idan aka toshe yoyon mai, aka rage lodi, aka sassauta gudu kafin rami maimakon taka birki a cikinsa, aka kuma wanke laka bayan tafiyar damina. Ya dace a leƙa ƙafa duk lokacin da aka je juyen baƙin mai, da kuma farkon damina da ƙarshenta. Mai motar da ya ga aikin ya fi ƙarfinsa ya kai wa bakanike, ya tsaya a wurin, ya nemi a nuna masa tsohon da aka cire, ya kuma tabbatar an yi ɗaurin ƙarshe nauyin mota yana kan ƙafarta.